Ranar da Taru Ya Kama Ni a Tudu

Ku matso nan inuwa, ku kife wayoyinku, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku. Sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina aka yi ta, kuma ƙuguna yana ba da shaida har yau duk lokacin da hadari ya haɗo.

Bazarar bana ce ta tono ta. Kun dai ga zafin da ake yi a Gummi, kwanon ɗaki yana ƙara shi kaɗai kamar ana jifansa, ruwan randa kamar an sauke shi daga murhu. Ana cikin haka Ɗanbaba, jikana mai sunan surukina, ya dawo daga birni da wani ƙunshi a leda. Ya warware, sai ga wani ƙyalle mai ratsin ja da shuɗi, da igiya a kowane baki. Ya ɗaura baki ɗaya a mangwaro, ɗaya a ginshiƙin rumfa, ya faɗi sunan abin da Turanci, sunan ya tsaya mini a haƙori.

Ya ce, "Amarya, ga gado na kawo miki wanda ba ya taɓa ƙasa. Na san ba ki taɓa ganin irinai ba. Taho in riƙe ki, kada ki karye a ce ni na."

Yara suka taru za su ga faɗuwar tsohuwa. Na tattare zanena, na ba abin baya, na zauna a tsakiyarsa, na ɗaga ƙafa ɗaya, na ɗaga ɗayar, na miƙe. Yara suka dubi juna.

"Kaka, ina kinka koya?"

To, ga inda na koya.

A lokacin muna tungarmu ta bakin gulbi, tsakanin Gummi da Bukkuyum, ni ina ƙaramar mace a gidan surukai. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero yana bununi, shinkafar fadama kuma ta ƙone a tsaye. Tun rani bai raba ba, in za a ɗebo hatsi sai mutum ya shige rumbu gaba ɗaya ya sunkuya. Sai kuma azumi ya faɗo a tsakiyar bazara.

Da an yi sallar asuba muke ɗaukar tuluna. Gulbi ya janye ya bar rairayi fari, sai mu tona rami da hannu mu tsuguna, muna jiran ruwa ya tsatso, muna kwalfa da ƙoƙo. Kafin tulu ya cika rana ta ɗaga, a dawowa rairayin nan yana cin tafin ƙafa. Da na sauke tulu sai turmi. Inna, uwar mijina, ita ke auna hatsin yini da wani ɗan ƙoƙo, ta shafe bakinsa da yatsa, ƙwayar da ta faɗo ta tsince ta mayar. Ba a zubar da dusa a shekarar nan, ita da garin rogo ake haɗawa a tuƙa. Miya kuwa kuka ce da gishiri, daddawa sai dai a tuna da ita. Kunun tsamiyar shan ruwa in ka leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka.

Daka da azumi a baki, wanda bai yi ba bai sani ba. Yawu ya kafe, harshe ya koma kamar ƙirgi, gumi yana bin taɓarya. Ƙadangaru suna manne a gindin danga baki buɗe, kaji sun saki fukafukai. Maza kuma suna can suna sharar gona, suna kai taki da jakuna, suna gayyar baibayar ɗakuna kafin ruwa ya sauka. Da tsakar rana mutum ya jiƙa zane ya lulluɓa, kafin ya gyara kwanciya zanen ya bushe. Haka dai nake jin labari, don ni ban kwanta ba balle in sani.

Abu biyu ake tsaro a gidan nan kamar ido. Na farko damen iri. Baba, uban mijina, ya rataye shi a rufin ɗakinsa inda hayaƙi ke bugunsa, kangunan gero zaɓaɓɓu masu kauri. Mun kwana da yunwa a ƙarƙashin damen nan, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi sau biyu. In ya tafi, shekara mai zuwa ta tafi.

Na biyu kunyata. A Anka aka haife ni, kuma ranar da za a kawo ni innata ta kama kunnena ta ce, "Surukinki kada shi ji muryarki, kada shi ga kanki ba kallabi, kada shi ga bayanki a ƙasa." Na riƙe. Shekaru ina gidan, Baba bai san ko muryata siririya ce ko kakkaura ba. In ya shigo sai in durƙusa in fuskanci danga. Ya ce, "Ɗiyar Anka, an yini?" Inna ce ke amsawa, "Ta yini lahiya." Har kasuwar Gummi yake ba da labarina. Ba ni da gwal, ba ni da saniya, wannan sunan shi ne dukiyata.

Sai mijina, kakanku, Allah ya jiƙansa. Ya tafi cin rani kudu, can bakin babban ruwa. Abokan tafiyarsa suka dawo, wannan da rediyo, wancan da turmin atamfa, wani da fitilar ƙwai. Shi ya dawo da sabulu sanda ɗaya da ilmin kwanciya. Wai ya ga masu jiragen ruwa suna barci a raga, a rataye, iska tana kaɗa su. Bai huta ba sai da ya je wurin wani abokinsa Basarke ya roƙo tsohon taru na kamun kifi. Ya ninka shi biyu, ya tufka bakunan da igiyar rama, ya ɗaura tsakanin tsamiya da dogonyaro a garkar bayan gida.

Tarun nan ya yi shekaru yana kamun kifi, kuma bai manta ba. Ƙarninsa ya kai masallaci. Duk kyanwar da ke tungar ta tare a garkarmu, ƙudaje kuwa sai da kakanku ya ajiye tsohon gwado a ciki don lulluɓa. Amma da ya dawo daga gona sai ya shige, ƙafa ɗaya tana reto, yana minshari, abin yana kai shi yana kawo shi.

Baba ya tsaya ya dube shi ya ce, "Mutum da ranai da hankalinai shi shiga taru? Kihi ma sai an tilasta mai." Ya yi rantsuwa bayan Salla zai yanke shi, don ba ya son ya yi fushi da azumi a baki.

Ni kuwa ina wucewa da tulu a ka. Na dai auna tsawon abin da ido, na ga zai ɗauke ni.

Azumi ya yi nisa sai shamuwa ta sauka a kan kukar bakin tunga. Gabas ta fara duhu da yamma, ana walƙiya can nesa wajen Bukkuyum, wani lokaci iska ta kawo ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani gari. Baba ya yi bisimilla ya sauko da damen iri. Ni da Inna muka sussuka shi a hankali, muka sheƙe, ya tashi masaki ɗaya bai ma cika ba. Aka shanya shi a tabarma a garka don ƙwarin da ke ciki su fita.

Ranar maza duk suna gayyar baibaya a gidan maƙwabci, Baba yana masallaci, Inna kuma za ta barkar haihuwa. Ta miƙo mini sanda ta ce, "Ke ɗiyar Anka, ga iri ga sanda. Ko kaza kada ta dube shi. Kyalla kau, ko inuwatta kada ta shigo."

Kyalla akuyar Baba ce, mai farin goshi. Yunwar shekarar ta mayar da ita ɓarauniyar da ba a taɓa yin irinta ba. Ita ta cinye rabin sabulun kakanku, ta ci faifan Inna har da ɗinkin. Na ja ƙyauren garka na ɗaure da igiya, na zauna kusa da tabarma.

Ƙasa kamar kaskon suya. Na gyara zama, na sake gyarawa. Na duba, ga taru a inuwa ba kowa a ciki, iska tana ɗan motsa shi. Sai na yi tunani irin na mai hankali. Na ce, mai tsaro daga bisa ya fi mai tsaro daga ƙasa hange, shi ya sa ake yi wa masu korar tsuntsaye rumfa a gona. Don amfanin iri na hau, ba don kaina ba. Duk wanda ya ba ku labarin ta wata fuska, ku ce ya zo ya same ni.

Hawan bai zo da sauƙi ba. Na sa gwiwa, abin ya gudu. Na kama shi na sa ciki, ya juye. Sai da na tuna yadda kakanku ke ba shi baya kamar mai hawa jaki a kaikaice, sannan ya karɓe ni.

'Ya'yana, tun da aka haife ni bayana bai taɓa sanin iska ba. Ko goyo, ko tabarma, ko gumi. Ranar nan iska ta bi ta ƙarƙashina, ta shiga ta kowace ƙofar raga, ta taɓa wuraren da ban san suna ciwo ba sai da suka daina. Wuyana da ya saba da gammo ya saki. Kafaɗun daka suka saki. Tsamiya ta fitar da sabon ganye ƙanana, ina kallon sama ta tsakaninsu, abin yana kai ni yana dawo da ni kamar jaririya a bayan uwa. Yunwar ma ta nemi wuri ta kwanta. Ƙarnin kifin nan da nake tsaki a kansa sai na ji shi kamar ana miya a maƙwabta, har na ɗan ji tsoro a kan azumina. Ƙudaje suka dame ni, na ja gwadon kakanku na lulluɓe daga kai har ƙafa, na bar 'yar kafa daidai ido ɗaya tana duban iri.

Masu cewa na yi barci, Allah ya yafe musu. Na lumshe idon ne don kunne ya fi jin motsi.

Abin da kunnen ya ji kuwa shi ne tarin Baba.

Ya kwance ƙyaure ya shigo da buzunsa da buta da carbi, bai mayar da ƙyauren ba. Ashe ya dawo daga masallaci, zafin zaure ne ya koro shi. Ya taho tiryan-tiryan ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, ya ba iri baya, ya zauna kusa da ni har ina ganin zaren hularsa. Na so in zame ta ɗaya gefen, sai na tarar taru ya yi aikinsa na gado. Bakunan sun haɗe a kaina, babban yatsan ƙafata ya shige raga, awarwarona ya sarƙe. Na daina numfashi.

Baba ya dubi gwadon ɗansa ya girgiza kai.

"Kai. Na san kana ji na. Mutane na can bisa jinka rana na gasa su, kai ka sulale ka shige taru. Wa kab biyo? Ni dai ba ni ba."

Na yi shiru.

"Gara ka yi shiru, ba ka da ta cewa. Dubi matakka, ɗiyar mutane. Tun da anka kawo ta gidan ga ban taɓa jin muryatta ba, ban taɓa ganin bayanta ƙasa ba. Yanzu haka ta bar maka tsaron iri ta tahi ɗiban ruwa cikin ranar ga. Da ita ta namijin, kai na macen, da gidan ga ya ci gaba."

Gumin da na yi a cikin gwadon nan, da an matse shi da an ba jaki ruwa.

Ya ja carbi, ya ja carbi. Can sai ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sassauta murya. Sai dai Baba kunnensa ɗaya ya yi nauyi, sassaucinsa ma ana jinsa a bayan danga.

"Wai ni kau, abin ga. Bayan mutum ba ya ciwo cikinai?"

Ya shafa ƙugunsa.

"Ƙugun ga nawa ya hana ni kwana tun farkon azumi. Wata rana in babu kowa, ka riƙe mini in gwada. Amma in innakka taj ji, ni da kai na. Matakka kau kada ta sani ko a mahwalki. Yarinyar ga tana ganin girmana."

A daidai nan Kyalla ta leƙo ta ƙyaure.

Ta shigo kamar wadda aka aika wa goron gayyata. Ta tsaya ta dubi bayan Baba, ta dubi tabarma, ta fara takowa a hankali, haƙarƙarinta duk a waje. Baba ya saki jiki ɗansa yana tsaro, bai ko waiwaya ba. Na girgiza taru da ƙarfi ko za ta tsorata.

"Ina magana kana lilo? To, madalla."

Na tattaro murya daga can ƙasan ciki na yi tari irin na maza.

"Tarin ma na malalata na."

Kyalla ta isa tabarma. Ta shinshina. Ta sa baki. Na ji ƙurus, ƙurus, kamar a cikin kaina ake taunawa. Na tuna innata da yatsunta a kunnena. Na tuna kasuwar Gummi da sunan da nake da shi a can. Sannan na tuna daren da muka kwana da ruwan tsamiya kaɗai a ciki, damen nan yana rataye a kanmu ba mu taɓa ba. Kowace loma ta akuyar nan dami ne a kaka. Ta ɗago ta dube ni ta kafar gwado, wallahi ta dube ni, ta mayar da kai ta ƙara cika baki.

Ban san lokacin da abin ya fito ba.

"Ke Kyalla! Uwaki! Ɓarauniya ɗiyar ɓarauniya, yau sai na ga bayanki!"

Waɗannan su ne kalmomin farko da surukina ya ji daga bakina a duniya. An ce masu baibaya sun ji su daga kan jinka, wani har ya saki igiya.

Na yunƙura, taru ya yunƙura. Ya juye da ni, na yi reto da yatsa ɗaya, sannan ya sake ni tim a gaban buzu, rigingine, ƙafafu a sama. Kallabina ya zauna a raga, kaina kuwa rabi kitso rabi tsefe. Ban tsaya duba ciwo ba. Na tashi na bi akuya, muka zaga garka, ta bi ta kan buta, na bi ta kan buta, na cafke ƙafarta ta baya na ja ta tana kuka har waje, na ja ƙyaure na ɗaure tamau.

Sai da na ɗaure na gane na kulle kaina a ciki tare da Baba. Murya, kai, baya, abu ukun da innata ta hana duk sun tafi a faɗuwa ɗaya.

Na waiwayo a hankali. Baba yana tsaye ya fuskanci gabas, hannuwa a kunne.

"Allahu akbar."

Nafila ya tayar. Da ya sallame, kafin kansa ya gama juyowa hagu ya miƙe ya sake kabbara. Haka ya yi ta yi, ni kuma ina tsince iri ƙwaya-ƙwaya daga ƙasa ina zubawa a masaki. Kallabina yana reto daidai saman kansa. Sai da ya kai goshi ƙasa na zagaya ta bayansa na sa sanda na zaro. Na ɗauki masaki na fita, yana nan yana salla. Ban taɓa ganin mai ciwon ƙugu ya yi nafila irin ta ranar ba.

Iri ya ragu kamar kaurin yatsa biyu a bakin masaki. Sauran yana nan.

Da yamma na zauna dama kunu. Na riga na gama shawara, bayan Salla zan roƙi ganin gida in tafi Anka, ba zan dawo ba sai Baba ya manta ko ni na mutu. Inna ta dawo daga barka, ta ga ina ɗingishi, ta matso ta shinshina ni.

"Ke, kamun kihi kinka tahi?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta ƙara ba.

Aka kira magariba, aka sha ruwa. Inna ta kai wa Baba da kakanku kunu zaure, ni kuma na laɓe a bayan danga ina jiran a yanka ni. Baba ya kurɓa, ya yi hamdala, ya ce da ɗansa, "Kai, ina kat tahi da azahar?"

"Ina bisa jinka, Baba. Kowa ya gan ni."

"Awo. Ashe ba kai na ba." Ya sake kurɓa. "To, ku ji. Tsamiyar ga ta garka tana da mai ita. Yau na ji ta da kunnena, har da wanda ba ya ji. Ba don ita ba, da Kyalla ta cinye muna shekara."

Inna ta ce, "A'uzubillahi! Aljana?"

"Ni dai ban ɗaga ido ba, salla nika yi. Amma ta iya zagi ƙwarai. Kuma zagin nata, in ba kunnena ya ruɗe ni ba, irin na wajen Anka na."

Na ji Inna ta shaƙe da kunu. Ta daɗe tana tari a cikin zanenta, tarin da ban yarda da shi ba.

Ku lura, bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Bai ce aljana ba, Inna ce ta ce. Bai ce bai san ko wace ce ba.

Ya ci gaba, "Tarun ga ba a yanke shi, na yi kaffarar rantsuwata. Daga azahar zuwa la'asar nata na. Namiji kada shi taka garka, ko ni, ko kai. A bar ta ta huta, tana muna tsaro."

Kakanku ya ce, "Baba, ni hwa niɗ ɗaura shi!"

"Allah shi saka maka. Gobe akwai gayya."

Washegari ya shigo gida, na durƙusa na fuskanci danga. Ya ce, "Ɗiyar Anka, an yini?" Inna ta ce, "Ta yini lahiya." Ya wuce. Ko a muryarsa ba abin da ya sauya. Ranar kasuwa kuma aka kawo mini labari yana can yana cewa surukarsa ba a taɓa jin muryarta ba, banda akuya.

Daga ranar, da an sallame azahar sai Inna ta karɓe taɓarya daga hannuna ta ce, "Tahi ki dubo ko mai tsamiya na son wani abu." In tafi in dubo har la'asar. Yunwa tana nan, zafi yana nan, kunu bai ƙara kauri ba, amma sauran azumin nan ban san wucewarsa ba. Wata rana ma na tarar Inna ta riga ni dubawa.

Ana jibi Salla ruwa ya sauka. Iska ta fara zuwa da ƙasa da ganye, kaji suka ruga, sannan aka ji ɗigo manya-manya a kan jinka, sannan aka sake shi gaba ɗaya. Muka jera ƙore da tukwane a tsakar gida, muka tsaya a ciki yana dukanmu, bakinmu a rufe saboda azumi. Da safe maza suka yi gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Ya ishi gona duka sai wata 'yar kusurwa. Baba ya ce a sa mata kuɓewa, ya raɗa mata suna gonar Kyalla.

Saura abu ɗaya. Bayan Salla, wata rana da hantsi kowa yana gona wurin noman fari, na dawo gida ɗaukar fura. Sai na ji nishi daga garka. Na leƙa. Ga hula a ƙasa, ga takalma a jere, ga ƙafafun Baba biyu a sama, taru ya rufe shi ruf, yana kokawa da shi a hankali don kada a ji. Kyalla tana turke tana kallo tana tuƙa.

Na juya baya. Na shiga da baya da baya har na taɓa igiya, na sa hannuwa ta baya na buɗe bakin tarun na riƙe, idona a kan akuya.

Na ce, "Kyalla, in mutum na son sauka daga taru, ba ya kokuwa da shi. Shi saki jiki, shi jawo gwiwa, shi juyo gehe. Shi hidda ƙahwa guda ta taɓa ƙasa, sannan ta biyu."

Na ji motsi, na ji ƙafa ta taɓa ƙasa, na ji ta biyu. Na ji an ɗauki hula an kakkaɓe. Aka yi gyaran murya.

"Kyalla, Allah shi yi miki albarka. Ki gaya ma mai tsamiya igiyar ga ta yi bisa da yawa, tsohwahhi ba su iyawa. Kuma abin da daɗi."

Da yamma na sa kakanku ya sassauta igiya. Ya tambaye ni dalili, na ce akuya ce ta ce.

Yanzu ga injin niƙa a bakin titi, ga famfon tuƙa-tuƙa, ga ruwan leda mai sanyi ana kawowa har ƙofa. 'Yan matan gidan nan in sun ɗora tukunya sai su ce sun gaji, su kwanta a gaban kowa, ba wanda ke tayar da nafila saboda su. Gadon Ɗanbaba kuma yana da laushi, ba ya kama yatsa, ƙamshin kanti yake yi. Jiya na kwanta a ciki na ji wani abu ya ɓace, na daɗe ina nema, ashe ƙarnin kifi ne.

Baba ya yi shekaru bayan nan, ƙugunsa ya yi sauƙi, ya rasu a wata damina gero yana kai. Har ya koma ga Allah ba mu taɓa magana baki da baki ba, amma ba abin da bai gaya wa Kyalla ba, ba kuma abin da ban amsa mata ba. Inna ta daɗe ƙwarai, kuma ba bikin da za a yi ba ta ba da labarin nan ba, tana ƙara wa zagin tsawo kowace shekara. Kakanku bai yi arziki a cin rani ba, amma sai da kowace garka a tungar ta sami tarunta daga hannunsa, har Sarkawa suka daina yar da tsoho. Ya rasu nan Gummi bayan zaman ƙauye ya gagara mun taso. Kyalla ba a yanka ta ba, Baba ya hana, tsufa ya kashe ta. 'Ya'yanta duk ɓarayi, waccan mai farin goshi da ke cin igiyar shanya daga zuriyarta take. Tarun ya ruɓe, Inna ta yanki inda ya rage ta yi ragayar rataye ƙwarya. Tungar ba mai kwana a cikinta yanzu, amma masu zuwa gona da rana sun ce tsamiyar tana nan.

Mai tsamiya kuwa ga ta a mangwaro. Ɗazu Ɗanbaba ya zo ya tsaya a kaina yana fifita da hula, wai, "Amarya, sauko in ɗan taɓa, ni hwa nis sawo shi." Na ce masa Allah ya saka masa. An yi azahar, ba a kira la'asar ba, mai sunansa ne ya yanke hukuncin, kuma har yau ban ji wanda ya ɗage shi ba.